Yadda Za Ka Zama Malamin Jami'a Mai Bincike Kan Mulkin Mallakar Ingila da Faransa

Ɗaliban tarihi, da wasu da suka gama bautar ƙasa suna neman inda za su sa gaba, sun sha yi mini tambaya guda: idan mutum yana son ya mayar da tarihin mulkin mallakar Ingila da Faransa sana'arsa, ya yi bincike a kai, ya kuma koyar da shi a jami'a, ta ina zai fara, kuma me zai kashe? Amsar tsaye a bakin aji ba ta isa, shi ya sa na zauna na jera matakan.

Ka riƙe abu guda tun daga farko. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da daulolin nan biyu suka raba a tsakaninsu: Kano da Katsina da Sakkwato a hannun Ingilishi, Damagaram da Maraɗi da Konni a hannun Faransawa. Harshe da sanin mutane, waɗanda baƙon mai bincike ke shafe shekaru yana nema, kai a cikinsu ka tashi. Sai dai wannan gatan ba zai yi maka rana ba sai ka bi matakan a jere, domin yawancin waɗanda na ga sun maƙale tsallake suka yi.

1. Digiri na farko

A Najeriya ka nemi sashen tarihi a jami'a mai tsohon tushe a fannin, irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, Bayero a Kano, Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Maiduguri ko Ibadan. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da ta André Salifou a Damagaram, inda tsarin yake shekara 3 na lisans, 2 na masta, sai aƙalla 3 na dokta. Abin da ake buƙata a wannan mataki bai wuce biyu ba: sakamako mai kyau, da kundin kammalawa wanda da hannunka ka rubuta shi. Jami'o'in Najeriya ba kasafai suke ɗaukar mataimakin malami mai ƙasa da daraja ta biyu babba ba, kuma masu ba da tallafin karatu a waje nan suke fara dubawa.

Hattara: kada ka sayi kundi ko ka kwafo na wani. Malamin da zai rubuta maka takardar shaida nan da shekara uku shi ne wanda ya duba wannan kundin, kuma ya san hannunka.

2. Harshe, tun kafin ka zaɓi batu

A nan ake raba masu yi da gaske da masu sha'awa kawai. Ɗan Najeriya da ba ya karanta Faransanci ba zai iya rubuta tarihin daulolin biyu ba; na Ingila kaɗai zai rubuta, sai ya riƙa aro maganar Faransa daga bakin wasu. Haka ma ɗan Nijar da ba ya karanta Ingilishi. Ka fara tun kana aji biyu a jami'a, kada ka bari sai ka shiga digirin digirgir, lokacin da iyali da aikin koyarwa sun riga sun cinye maka yini.

Hanya mafi sauƙi a Arewa ita ce cibiyoyin Alliance Française, irin na Kano da Kaduna, ko ka ɗauki darussa a sashen Faransanci na jami'arku. Akwai kuma Ƙauyen Faransanci na Najeriya da ke Badagry, inda ake zama a yi ta magana da harshen dare da rana. Jarrabawar ƙwarewa a Faransanci da ake karɓa ita ce DELF da DALF, masu matakai shida daga ƙasa zuwa sama: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Ka sa B2 a gabanka, domin shi ne mafi yawan jami'o'in Faransa ke nema. Mai ƙwazo, da karatun kullum, shekara biyu ta ishe shi ya riƙa karanta rahoto da taimakon ƙamus.

Amma Faransancin aji daban, na taskar takardu daban. Da zarar ka kai B1, ka shiga Gallica, wato ɗakin karatun ƙasar Faransa na intanet, wanda kyauta ne, ka nemo rubuce-rubucen hafsoshi da jaridun wajen 1900 zuwa 1930, ka riƙa karanta shafi guda kowace rana. Ka buɗe littafi na musamman kana tara kalmomin mulki: sunayen muƙamai, na haraji, na hukunci. Takardun farkon zamanin da yawa rubutun hannu ne, wani da tawadar da ta koɗe, saboda haka ka saba da karatun hannun Turawa kafin ka biya kuɗin mota.

Harshe na uku shi ne Larabci da ajami. Wasiƙun sarakuna zuwa ga Razdan, littattafan kotun alƙali, da waƙoƙin malamai kan zuwan Nasara, duk da su aka rubuta. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi, cikin ƙasar Ghana ta yanzu, a 1934, ya bar waƙoƙi kan zuwan Turawa cikin Larabci da Hausa. Wanda ya yi makarantar allo da ta ilimi ya riga ya yi rabin tafiya, kuma kada ya raina wannan karatu, domin shi ne abin da abokan karatunsa na Landan da Paris ke rasawa.

Hattara: manhajar fassara ta waya tana taimakawa wajen gane inda takarda ta dosa, amma kada ka ɗauko jimla daga gare ta ka sa a kundi. Kalma guda ta shari'a da ta karkace tana iya juya maka hujja gaba ɗaya.

3. Zaɓen tambaya

"Tasirin mulkin mallaka a ƙasar Hausa" ba batun bincike ba ne, sunan darasi ne. Haka ma maimaita cewa Ingila ta yi mulki ta hannun sarakuna, Faransa kuwa ta yi kai tsaye. An yi wannan muhawara tun farkon shekarun 1960 tsakanin Hubert Deschamps da Michael Crowder, daga baya A. I. Asiwaju ya gwada ta a kan ƙasar Yarbawa da aka raba tsakanin Najeriya da Dahomey, William Miles kuma ya yi nasa a ƙauyuka biyu na Hausa da ke fuskantar juna a kan iyaka. Dole ka karanta su, amma ba don ka sake faɗin abin da suka faɗa ba.

Tambaya mai kyau tana da wuri, tana da shekaru, tana kuma da takardu a ɓangarorin biyu. Ka dubi tarzomar Satiru ta 1906 kusa da Sakkwato. Wanda ya karanta takardun Ingilishi kawai zai ɗauka lamari ne na cikin gida. Wanda ya haɗa da na Faransawa zai ga cewa a ƙarshen 1905 an riga an yi bore a Kobkitanda, daga baya a Karma, a ɓangaren Faransa, kuma Ɗan Makafo, makahon malamin da ke cikin jagororin boren, daga can ya tsallako ya zo Satiru. Labari guda ne da iyaka ta raba takardunsa gida biyu. Irin wannan ne nake so ka nema.

Akwai su da yawa. Ita kanta iyakar: layin Say zuwa Barruwa na 1890, yarjejeniyar 1898 da ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, gyare-gyaren 1904 da 1906, da ayarin hafsoshi biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, da suka kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Gudun talakawa daga lanho, wato haraji, da aikin tilas na Faransa zuwa ɓangaren Ingila, da yadda kumandan, jami'in gunduma na Faransa, da Di'o, takwaransa na Ingila, suka riƙa musayar wasiƙu a kan wa ke da su. Boren Abzinawa ƙarƙashin Kawusan a Agadas a 1916 zuwa 1917, lokacin da Ingilishi suka taimaki Faransawa duk da tsohuwar gabarsu. Cinikin gyaɗar Maraɗi da Damagaram da ke bi ta Kano bayan jirgin ƙasa ya iso. Alaƙar jam'iyyar NEPU ta Najeriya da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar gab da samun 'yanci. Ni wanda ya fi jan hankalina shi ne hanyar aikin hajji ta ƙasa, wadda ke fita daga mulkin Ingila ta ratsa Chadi ta Faransa ta sake shiga Sudan, inda Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa gari a bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahajjaci guda yakan bar sawu a takardun gwamnatoci uku.

Kafin ka kai wa malami batu, ka rubuta shi a shafi guda: tambayar, shekarun, garuruwan, taskokin da za ka shiga, da mutum biyar da suka yi rubutu kusa da shi. Idan ka kasa cika layin taskoki, batun bai nuna ba tukuna.

Hattara: kada ka zaɓi batun da takardunsa duka suna Turai alhali ba ka da tabbacin kuɗin zuwa. Ka tsara shi yadda kashi mafi yawa zai yiwu daga Kaduna da Yamai da bakin mutane.

4. Digiri na biyu da zaɓen mai duba aiki

Mai duba aiki ya fi sunan jami'a muhimmanci. Ka karanta abin da ya wallafa a shekaru biyar na baya, ka tambayi ɗalibansa na da a asirce: yana karanta babi ya mayar cikin wata guda, ko sai an bi shi zango guda? Idan babu mai Faransanci a sashenku, ka roƙi a haɗa maka da mai dubawa na biyu daga Yamai ko Damagaram. Makarantar tarihi ta Zariya da Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka gina, da ta Nijar ta su Boubou Hama, Djibo Hamani da Kimba Idrissa, sun daɗe da sanin juna. Ba baƙon abu za ka nema ba.

Ka mayar da kundin digiri na biyu gwaji: ɗauki gunduma ɗaya da shekaru goma daga cikin babban batunka. A Najeriya ka sa wa lissafin lokacinka rara, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

5. Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma mafi amfaninsu kyauta ne. Waya mai kyamara mai kyau da wadataccen wurin ajiya, batirin ko-ta-kwana, kwamfutar tafi-da-gidanka, faifan ajiya na waje guda biyu, ƙaramar na'urar ɗaukar murya, fensir da littafin rubutu, domin taskoki da yawa ba sa barin biro. Manhajar Zotero don tara sunayen littattafai da maƙalu, Tropy kuma don tsara hotunan takardu. JSTOR, rumbun mujallun bincike na intanet, na barin mai rajistar kyauta ya karanta wani adadi na maƙalu a wata. Persée da OpenEdition cike suke da mujallun Faransanci kyauta. Kundin neman takardu na taskar Ingila, mai suna Discovery, da na taskar Faransa ta ƙasashen ƙetare, duk a buɗe suke a intanet.

Hattara: kowane fayil da ka buɗe, hoto na farko ya zama na bangonsa mai ɗauke da lamba. Wanda ya dawo gida da hotuna dubbai ba tare da lambobin fayil ba, ba shi da hujja ko guda da zai iya kafawa. Kowane dare ka kwafe aikin yini zuwa wuri biyu.

6. Taskokin gida tukuna

Dabarar gano inda takarda take ita ce ka bi hanyar da ta bi tun asali. A ɓangaren Ingila, Di'o ke rubuta wa Razdan, Razdan ya rubuta wa Kaduna, Kaduna ta aika Legas, Legas ta aika Ofishin Mulkin Mallaka a Landan. A ɓangaren Faransa, kumandan ke rubuta wa gwamna, wanda ya zauna a Damagaram kafin a mayar da hedikwata Yamai a 1926, gwamna ya aika wa babban gwamna a Dakar, shi kuma ya aika Paris. Duk hawa guda da takarda ta yi, sai an taƙaita ta an goge mata ƙura. Sunayen ƙauyuka, ƙarar talakawa, rigimar gona da ta sarauta, a ƙasa suke zama. Shi ya sa wanda ya fara da Landan ya fara da ƙarshen zance.

Ka fara da Taskar Takardun Ƙasa ta Kaduna. Jerin SNP na ɗauke da takardun sakatariyar lardunan Arewa, sai na larduna: KANOPROF, SOKPROF, KATPROF, ZARPROF da sauransu. Ka nemi rahotannin kimanta haraji na gundumomi, domin a cikinsu ake samun ƙidayar mutane da dabbobi, sana'o'i, kasuwanni da tarihin sarautar gari kamar yadda aka faɗa wa Bature. Ka je da takardar gabatarwa daga sashenku da katin shaida, ka kuma tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da kuɗinta tun ranar farko. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana cikin garin, saboda haka tafiya guda ta ishe su. Daga nan sai ma'ajin rubuce-rubucen tarihin Arewa da ke jami'ar Zariya, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Kada ka manta da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939. Wasiƙun masu karatu a cikinta murya ce da ba za ka samu a fayil ba.

A Yamai akwai Taskar Takardun Ƙasa ta Nijar, inda rahotannin rangadi da bayanan gundumomi suke, sai cibiyar bincike ta IRSH mai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, da cibiyar CELHTO mai tara tarihin baka. Zuwa Yamai daga Sakkwato ta Illela da Konni ya fi kowace tafiya ta Turai araha nesa ba kusa ba. Amma tun juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka an buɗe, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka ka binciki halin hanya da takardun da ake nema a makon da za ka tashi, ka kuma sami takardar gayyata daga wani malami a can.

Hattara: Turawa ba su rubuta sunaye yadda muke rubutawa ba. Damagaram a wurinsu Zinder ce, Tasawa Tessaoua, Hausa Haoussa, Fulani Peul, Katsina wani lokaci Katsena. Ka jera duk siffofin sunan garinka kafin ka ce babu komai a kansa.

7. Bakin mutane

Wannan matakin ba ya jira. Wanda ya mallaki hankalinsa a 1960 yanzu ya haura 80. Ka fara hira tun kana digiri na biyu, ko da batun bai gama zama ba. Ka shiga gari ta hannun mai unguwa ko dagaci, ka faɗi ko kai wane ne da abin da za ka yi da maganar, ka nemi izini kafin ka kunna na'ura, ka kuma ɗauki izinin a cikin muryar. Ka tanadi goro da ɗan abin alheri, da kuɗin wanda zai yi maka jagora. Ka rubuta suna, shekaru, gari da rana a kan kowace hira, ka juye ta a takarda cikin makon.

Ga 'yan'uwa mata masu sha'awar fannin: ku kuna shiga inda mu ba ma shiga. Abin da tsofaffin mata suka riƙe na yunwa, da kuɗin haraji, da tafiyar maza diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kaɗan ne aka rubuta.

Hattara: idan fada ce ta zaɓa maka duk waɗanda za ka gani, tarihin fada za ka rubuta. Ka nemi zuriyar bayi, maƙera, fatake, tsofaffin sojoji da 'ya'yan tafintoci da kanka.

8. Dakar, Aix da Kew

Sai ka san abin da ka rasa a gida sannan za ka fita. Takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa ba a kwashe su zuwa Faransa ba, suna Taskar Ƙasa ta Senegal a Dakar. Jerin 2G shi ne rahotannin lokaci-lokaci na yankuna, 11G na harkokin Nijar, K kuma na aiki da bauta. A Aix-en-Provence da ke kudancin Faransa akwai ANOM, taskar Faransa ta ƙasashen ƙetare, mai takardun ma'aikatar mulkin mallaka da kwafin maikurofim na da yawa daga na Dakar. Na soja suna Vincennes, gefen Paris; mai bin sawun ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, da suka yi ta'asa a Lugu da Birnin Konni a 1899, zai buƙaci wuraren biyu.

A Ingila, taskar ƙasa tana Kew a Landan. Jerin CO 446 wasiƙun Arewacin Najeriya ne kafin haɗewar 1914, CO 583 na Najeriya bayan haka, FCO 141 kuma takardun da aka kwashe a ɓoye daga ƙasashen da ake mallaka, waɗanda ba a fara sakin su ba sai 2012, bayan ƙarar da tsofaffin Mau Mau na Kenya suka shigar. Takardun Lugard suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, na Sudan kuma a Jami'ar Durham.

Shiga Kew da ANOM kyauta ne, kuma ana barin ɗaukar hoto a mafi yawan takardu. Kuɗin yana tafiya ne a jirgi, masauki, abinci da biza. Bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da ita, yuro 90 ce tun tsakiyar 2024, ta ziyarar Ingila ta haura fam 100, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an hana. Masauki ya fi komai ci, don haka dabarar ita ce rage kwanaki: ka fitar da lambobin fayil daga gida, ka yi odar na ranar farko tun kafin ka tashi, a can ka ɗauki hoto kawai, karatu sai ka dawo. Kew ba ta buɗewa Lahadi da Litinin; ka lissafa da wannan, ka kuma tafi da shaida biyu, ta suna da ta adireshi. 'Yan Nijar su sani cewa ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, wanda ya sa Dakar ta ƙara zama hanya mafi sauƙi.

Hattara: fayil ba gaskiya ba ce, shaida ce ta mai mulki. Kumandan da ya rubuta cewa gunduma lafiya lau take yana neman ƙarin girma ne. Kusan duk abin da Bature ya ji, ta bakin tafinta ya ji shi. Ka karanta ƙananan rubuce-rubucen gefen takarda, inda jami'ai ke gardama da juna, ka kuma auna kowane rahoto da na ɗaya ɓangaren iyaka, domin kowannensu ya fi faɗin gaskiya a kan laifin maƙwabcinsa.

9. Neman kuɗi da digirin digirgir

Malamin jami'ar gwamnati a Najeriya yana da hanyar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta karatu da ta ƙananan bincike da ta halartar taro. Sharuɗɗan na sauyawa, ka tambayi ofishinsu na jami'arku. Tallafin Commonwealth yana da wani tsari da ya dace da wannan fanni ƙwarai: kana rajista a jami'ar gida, a biya maka har wata 12 a wata jami'ar Ingila. A Faransa akwai tallafin Eiffel, amma jami'ar can ce ke miƙa sunanka, ba kai ba, don haka sai ka fara samun farfesan da ya yarda da kai. Akwai kuma tsarin haɗin gwiwa inda jami'o'i biyu ke duba kundi guda. Don ƙananan tafiye-tafiye ka riƙa leƙa sanarwar cibiyoyin bincike irin su IFRA da ke Ibadan, da CODESRIA da WARC da ke Dakar.

Idan za ka rubuta wa farfesa a waje, layi goma sun isa: ko kai wane ne, tambayarka, taskokin da ka riga ka shiga, harsunan da kake karantawa, da dalilin da ya sa shi ka zaɓa. Layin taskoki da harsuna ne ke sa a amsa maka. Ka fara shiri shekara guda kafin lokacin da kake son tafiya.

10. Wallafa

Kafin ka kare kundin digirgir, ka fitar da maƙala ɗaya daga babi mafi ƙarfi. Ka fara gabatar da ita a taron Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ka gyara, sannan ka aika. Manyan mujallun fannin sun haɗa da Journal of African History, Journal of Imperial and Commonwealth History, Cahiers d'études africaines da French Colonial History. Amsa kan ɗauki watanni, kuma sau da yawa ta farko ƙi ce ko neman gyara mai yawa. Ka bi gyaran ɗaya bayan ɗaya ka mayar.

Hattara: mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako biyu idan ka biya, ka guje ta. Tana iya ƙara maka lamba a takardar neman ƙarin girma yau, amma masu tantancewa na waje sun san su, kuma binciken da ka sha wahalarsa ya tafi inda ba mai karantawa. Haka nan kada ka aika maƙala guda wuri biyu a lokaci ɗaya.

11. Aji da matakan aiki

A Najeriya tsanin yana farawa daga mataimakin malami, mai digirgir kan shiga a lakcara na biyu, sai na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Galibi aƙalla shekara uku tsakanin hawa da hawa, kuma manyan matakai biyu na ƙarshe sai an aika rubuce-rubucenka ga masu tantancewa na waje. A Nijar hukumar CAMES da ke Wagadugu ce ke tantance ƙarin girma. Ka ajiye kwafin kowace takarda tun ranar da ka fara aiki.

Koyarwa kuwa ta fi bincikenka faɗi, kuma nan sababbin malamai ke tuntuɓe. An ɗauke ka ne ka koyar da dauloli biyu, ba lardi biyu ba. Dole ka iya bayanin Indiya daga yaƙin Plassey a 1757 zuwa boren 1857, Aljeriya daga 1830 zuwa 1962, taron Berlin na 1884 zuwa 1885, takaddamar Ingila da Faransa a Fashoda ta Sudan a 1898, rabon Kamaru da Togo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin Dien Bien Phu na Vietnam a 1954 da rikicin Suez na Masar a 1956. Ba don cika jadawali ba ne. Lugard a Indiya aka haife shi, ya yi aiki a Uganda, ya kuma yi gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912 kafin ya dawo ya haɗe Najeriya. Faransawa kuma da darasin Aljeriya suka zo suna kallon malaman Musulunci na Sahel. Ɗalibin da bai ga wannan zaren ba zai ɗauka abin da ya faru a garinsu shi kaɗai ya faru.

Ka ware mako guda ga kowane jigo, haraji, aikin tilas, shari'a, makaranta, soja, maimakon ka gama Ingila sannan ka shiga Faransa. A kowane mako ka kawo takarda ɗaya ta asali daga hotunanka, ta Kaduna da ta Yamai a kan abu guda idan akwai, ka fassara ta Faransancin, ka raba wa ɗalibai, ka tambaye su wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me aka ɓoye. A aji mai ɗalibai ɗaruruwa ka raba su rukuni-rukuni ka aika takardar ta WhatsApp kwana biyu kafin darasi. Aikin zango kuma ya zama hira da dattijo guda daga garin kowane ɗalibi, da izininsa, a ajiye muryar da rubutun a sashen da suna da rana.

Hattara: shekarun farko na koyarwa suna cinye bincike. Ka keɓe safiya biyu a mako da ba ka karɓar kowa, ka faɗa wa shugaban sashe tun farkon zango, ka kuma ci gaba da karanta shafin Faransancinka na kullum, domin harshen da aka ajiye shekara biyu sai an koma aji kafin ya dawo.